Kwanso Uku a Bakin Tafki

Dokin ne ya fara tona zancen. Rana ta ɗaga aka hange shi tsaye a bakin tafkin shanu da sirdi a bayansa, ba ya kiwo, ba ya shan ruwa, ko ƙuda ba ya korewa. Da aka matsa sai aka tarar da mai shi, Don Telésforo, shugaban makiyayan gandun Pozo Tuyuyú, kwance rigingine, idanu buɗe, da huji biyu a ƙirji.

Kafin a kira Don Nemesio mai bin sawu, rabin gandun sun riga sun tattake wurin. Ya iso kansa a sunkuye kamar kullum, don shekara arba'in ke nan yana karatun ƙasa, har wuyansa ya saba.

"Ku ja baya," in ji shi. "Shanu ma sun fi ku sanin inda za su taka."

"Yau ba sai ka wahalar da idonka ba, Don Nemesio," in ji Hilarión, babban ɗan mamacin. Muryarsa ba ta rawa, kuma wannan ya fi kuka ban tsoro. "Ga su can."

Taku shida daga gawar, kwanson harsashi uku ne a ƙasa, haɗe wuri ɗaya kamar ƙwai a sheƙa.

Babu wanda ya bukaci bayani. Duk namijin da ke Pozo Tuyuyú libarba yake ɗaurawa, wadda ya gada ko zai gadar, ita kuwa libarba tana riƙe kwansonta a ciki sai mai ita ya zazzage. Bindigar da ke tofar da kwanso guda ɗaya ce tak a gandun, fistol ɗin Ovidio, wanda ya zo daga birni shekara biyu da suka wuce ya auri Casilda, 'yar Nemesio ɗaya tilo.

Kowa kuma ya ji abin da ya faru ranar Lahadi a rumfa, ana zagaya ƙahon tereré, shayin ganye mai sanyi. Don Telésforo ya ce wa Ovidio, "Kai ɗan birni, wannan abar taka ai ƙura ɗaya ce za ta shaƙe ta. Ran da damisa ta taso maka, sai dai ka jefe ta da ita." Aka kwashe da dariya. Ovidio ya ce, "Harsashi goma sha biyar gare ni, Don, kai biyar. Ran da ta ɓaci za a san wanda ya yi zaɓin banza." Har Nemesio ya yi tsaki a lokacin, don shi ma bai taɓa son bindigar ba. Mai ita ma dai sama-sama yake sonsa.

"Mun ɗaure shi a ɗakin sirdi," in ji Hilarión. "An faɗa a rediyo, ruwan kogin Pilcomayo ya yanke hanya tun asuba, 'yan sanda ba za su iso ba ko nan da mako. In rana ta sunkuya, ni da ƙanena za mu kai shi da kanmu ta daji."

Babu wanda ya ɗaga ido. Duk sun san wanda aka kai ta daji ba ya isa.

"A bar ni in ciro harsashin daga jikinsa," in ji Nemesio. "Shi zai faɗi bindigar da ta haife shi."

"Wanda ya sa wa mahaifina wuƙa, shi ma ya kwanta kusa da shi."

Nemesio ya durƙusa, ya tsince kwanson ya ƙulle a hankici. Sama wasai take, ko ɗigon girgije babu, amma a cikin tsagar busasshiyar ƙasa kwaɗi sun fara kuka. Sun ji ruwan tun bai iso ba.

*

Casilda na zaune a ƙofar ɗakin sirdi, ta rungume gwiwoyinta. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe gefen wandon mahaifinta yayin da zai wuce.

"Baba."

"Na ji."

A ciki Ovidio na jingine da ginshiƙi, igiyar fata ta nutse a wuyan hannunsa, leɓensa a fashe.

"Ina kake da sassafe?"

"Shingen arewa, Baba. Waya ta tsinke."

"Kai da wa?"

"Ni da Allahna."

"Shi kuwa ba ya zuwa shaida a rumfa. Yaushe rabonka da harba waccan abar?"

"Wata biyu. A jikin bishiyar samu'un nan ta bayan garke, ranar da kuka taru kuna mini dariya."

Nemesio ya tuna. Ba harbin aka yi wa dariya ba, don yaron bai kuskure ba. Abin da ya sa mutane riƙe ciki shi ne ya gama ya juya ya tafi, ya bar tagulla zube a ƙasa. A nan ba a yar da kwanso. Tun kakanni kowa na da 'yar jakar fata a ɗamara, in ya yi harbi ya zazzage kwanson a tafin hannu ya adana, a kai wa Don Fulgencio maƙeri ya sake cikawa. Na fistol ne kawai maƙerin ya ce ba su shiga kayan aikinsa.

"Baba, na san ba ka sona," in ji Ovidio. "Amma ka san ban iya tashi in kashe mutum a kan baƙar magana ba."

"Ban san komai ba tukuna. Ƙasa ba ta ce mini komai ba."

*

Abu ɗaya ya tsira daga tattakewar jama'a: sawun silifa ƙanana, sun zo daga bayan gidaje sun bi gabashin tafkin sun koma. Nemesio ya bi su har kicin ɗin Ña Eustaquia mai dafa wa makiyaya abinci. Ya same ta tana fere rogo da wuƙar da ta kai tsawon damtse.

"Ña, da asuba kin je tafki."

"Na je. Laifi ne?"

"An ce shekaranjiya kin tsine wa Don Telésforo a gaban mutane."

"Na tsine masa, kuma da zai tashi yanzu sai in ƙara." Ta soke wuƙar a katako. "Kai ba ka da kowa a maƙabartar tudun giciye, Nemesio, matarka a asibitin gari aka binne ta. Ni jaririna na can. Mutumin nan ya kafa turaku, ya ce ranar Litinin katafila za ta zo ta faɗaɗa tafki har tudun. Wai ƙasusuwa ba sa shan ruwa, shanu ne ke sha. Na je kunna kyandir ne, kafin su haƙe min ɗa."

"Kin ga wani?"

"Duhu-duhu ne. Amma na tarar da wani kyandir ɗin yana ci, wani ya riga ni. Ban duba ko a kan wa yake ba, ba a leƙen makokin wani." Ta yi alamar giciye. "Ina dawowa na ji harbi."

"Nawa?"

"Biyu. Tas, tas. Sai tsuntsaye suka yi tsit, har yanzu ba su dawo ba. Ka saurara."

Ya saurara. Gaskiyarta, ban da kwaɗi babu abin da ke motsi.

Harbi biyu, huji biyu, kwanso uku. Ya fita yana juya lissafin. Kabari goma sha ɗaya ne a tudun, kusan kowane gida na da nasa. Da ya je, iskar arewa ta kashe kyandirori, kuma ƙasar tudun tauri gare ta kamar ƙashi, ba ta riƙe sawu.

*

Rana ta take tsaka ya biya ta maƙera. Don Fulgencio ne ya riƙe Casilda ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna kompadre, amma amincinsu ya girmi haka. Tsohon na zaune a inuwa, wutar maƙerar a mace.

"Zauna, kompadre, ka yi kama da wanda ungulu suka ƙi."

"Kai kuma ka yi kama da wanda suka fara."

Fulgencio ya zuba ruwa a ƙahon ya miƙa masa. Nemesio ya zuƙa ya mayar.

"Da gaske yau za su tafi da shi?" in ji maƙerin. "Ai sai su jira hukuma. Likita na ciro harsashi magana ta ƙare."

"Hanya ta yanke."

"Haka na ji." Ya daɗe yana kallon ƙahon. "Ruwan nan bai saba zuwa kafin Fabrairu ba."

"Kai da ka san bindiga, in tambaye ka. In fistol ta tofar da kwanso, ina yake faɗawa?"

"Ina zai faɗa? Ƙasa mana, gindin mai harbi. Ko sama kake so ya tafi? Ni ban taɓa ɓata idona a kan wannan abar wasan yara ba."

Nemesio ya yi dariya, ya miƙe ya yi sallama.

Bishiyar samu'u na tsaye bayan garke da ƙaton cikinta, jikinta duk tabon harsashi. Ya tsaya inda Ovidio ya tsaya wata biyu da suka wuce, ya dubi gindin ƙafarsa. Babu komai. Sai da ya yi taku huɗu zuwa dama, ya ɗan koma baya, sannan ya fara ganinsu warwatse cikin ciyawa, ɗaya nan ɗaya can, kamar kaza ta yi tono. A wuri uku kuma babu kwanso, sai gurbinsa a ƙasa, sabo, gefensa bai ko rushe ba.

Ya kwance hankicin, ya sansana su ɗaya bayan ɗaya. Babu warin albarushi, sai na ƙasa. Da ya juya na ukun ya leƙa bakinsa, sai ya ji tsigar jikinsa ta tashi a cikin wannan zafin. Ya zauna a gindin bishiyar, bai tashi ba sai da inuwa ta fara tsawo.

*

Ya sa aka tara kowa a rumfa. An riga an ɗaura wa dawaki uku sirdi. Aka fito da Ovidio, Casilda na biye da shi.

"Ka yi sauri, Don Nemesio," in ji Hilarión. "Rana ba ta jiranmu."

"Kowa ya ɗora bindigarsa a tebur. Kai ma."

Aka yi gunaguni, amma aka ɗora. Libarba tara suka jeru, da fistol ɗaya baƙa a ƙarshe kamar baƙon da ba a gayyata ba. Nemesio ya tattara su gabansa, sannan ya ajiye kwanso ukun.

"Ña Eustaquia ta ji harbi biyu. Huji biyu ne a jikin mahaifinka. Waɗannan uku ne."

"Ɗaya ya kuskure," in ji Hilarión. "Shi ke nan. Tsohuwa kuma kunnenta ya tsufa."

"Kunnen uwarka ne ya tsufa," in ji Ña Eustaquia daga bayan taro.

Nemesio ya ɗaga na ukun ya miƙa wa Hilarión. "Leƙa."

Bakin kwanson a toshe yake da jar laka, a shafe sumul. Nemesio ya karɓa, ya sa tsinin wuƙa ya fasa. 'Yan gizo-gizo busassu suka zubo a tebur, sai wata farar tsutsa mai ƙiba ta biyo su, ta lanƙwashe, ta miƙe, tana neman duhun da aka raba ta da shi. Wata mata ta ja numfashi.

"Zanzaro ne ya yi ɗaki a ciki," in ji Nemesio. "Ya yi ƙwai, ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta ci ta yi ƙiba. Wa zai ce mini da asubar yau wuta ta bi ta nan?"

Ya ci gaba:

"Daga gindin samu'u aka tsinto su, cikin duhu, aka haɗa da na ukun don kada a rasa gani. Kuma fistol dama take tofarwa, nesa, a warwatse. Waɗannan a tare na same su, an zube su daga tafin hannu, yadda ni da ku muke yi. Mai libarba ne ya kashe Don Telésforo."

Mazan suka fara satar kallon juna. Hilarión ya dubi teburin. "Mu tara ne."

"Libarba ba ta yar da 'ya'yanta. Wanda ya harba, kwanso biyu sun rage masa a hannu. Da ɗan birni ne, da ya wurga su tafki. Amma namu ne." Ya nisa. "Ku kwance jakunkunanku."

Ya bi su ɗaya ɗaya yana buɗewa yana sansanawa. Tsohuwar tagulla, tsohuwar fata, gumi. Ya fara da 'ya'yan mamacin, ya bi makiyaya, har tasa ya buɗe ya miƙa wa Hilarión. Yana tafe yana jan ƙafa, kowa na gani, kuma kowa ya ga wanda ya bari a ƙarshe.

Fulgencio bai jira ba. Ya kwance jakar da kansa, ya zazzage a tebur. Guda biyu suka gangaro, bakinsu baƙi ƙirin, warinsu ya isa hancin na kusa ba tare da an sunkuya ba.

"Sai da na ɗaga hannu zan jefa su ruwa," in ji shi a hankali. "Na duba, sai na gan su a jaka. Sabo turken wawa, kompadre."

Hilarión ya yi kukan kura, maza uku suka riƙe shi. Nemesio ya kifa jikinsa a kan bindigogin.

"Ramona na can tudun shekara goma sha tara," in ji Fulgencio, ba ya kallon kowa. "Na roƙe shi sau uku. Jiya ya ce in kawo buhu in kwashe matata kafin Litinin. Buhu."

"Mijina fa?" Casilda ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kai ka riƙe ni a coci, Baba Fulgencio."

Sai a nan fuskar tsohon ta karye. "Kwana biyu na ce zai yi a hannun hukuma, 'yata. Likita zai ciro dalma, ya ga ba ta fistol ba ce, a sake shi, a rasa wanda za a kama cikin mutum tara. Ban san ruwa zai zo ba. Tun safe nake cewa yanzu zan tashi in faɗa, yanzu zan tashi."

"Amma ba ka tashi ba," in ji ta.

Ta karɓi wuƙar mahaifinta, ta yanke igiyar da ke hannun Ovidio.

*

"Ku ba ni shi," in ji Hilarión. "Dawaki na nan a shirye."

"Dawakin na nan, amma ni zan hau," in ji Nemesio. "Hukuma za a kai shi, kuma zai isa. Duk gandun nan wa ya iya gano hanya a ƙarƙashin ruwa in ba ni ba? Ka zauna ka binne mahaifinka. Ña, ki zuba bindigogin nan a buhun gari ki zauna a kai har in dawo."

"Wanda ya isa ya zo ya ɗaga ni," in ji ta.

Ya ɗauki libarbarsa. Ovidio ya matso yana murza wuyan hannu.

"Baba, zan raka ka. In sun biyo ku, biyar ba za ta isa ba."

Nemesio ya dubi fistol ɗin, ya dubi yaron.

"Ɗauko ta. Amma ka bi ta damana, kada ta tofa mini a fuska."

Da hannunsa ya ɗaure amininsa, bai tsananta ba, bai kuma sassauta ba. Suka fita su uku, rana ta yi ja. Ba su yi tafiyar awa ɗaya ba suka gamu da ruwan. Ba ya ƙara, ba ya kumfa, yana dai tahowa cikin ciyawa a shimfiɗe kamar ana jan tabarma, da tururuwa dunƙule-dunƙule suna yawo a kansa. Dawakin suka yi turjiya, sannan suka shiga.

Da ruwan ya kai gwiwar doki Nemesio ya ja linzami. Ya dubi ƙasa, sai ya ga fuskarsa a cikin ruwa. Ba sawu, ba turba, itatuwan ƙaya duk sun zama iri ɗaya, kuma idanunsa sun cika da abin da ba ya so surukinsa ya gani. Abin da ya faɗa a rumfa cika baki ne, yanzu ya sani.

"Baba, ina muka nufa?" in ji Ovidio.

Nemesio ya sake duban ruwan.

A bayansa Fulgencio ya ɗaga ɗaurarrun hannuwansa ya yi nuni. Dama dajin da babu kowa ne, mutum zai iya ɓacewa a cikinsa har abada, kuma dukansu biyu sun san haka.

"Hagu, kompadre," in ji shi. "Ofishin 'yan sanda ta hagu yake."